Yadda Muka Kafa Turke a Tudun Barewa

Tun da na dawo daga Haɗeja mutanen majalisarmu suka hana ni sakat. Wannan ya ce ina naman barewar, wancan ya ce shi an gaya masa na faɗa kogi. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya tafi da nasa ɓangaren ya ƙara masa gishiri, shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, wanda ya sake tambaya in miƙa masa takarda. Nama dai ban zo da shi ba. Maganar kogi kuwa akwai ƙamshin gaskiya a ciki, za mu zo kanta.

Ni magini ne, na fi shekara ashirin ina wannan sana'a a Kano, kuma ban taɓa riƙe bindiga ba. Wanda ya kai ni shi ne Alhaji Sule, mijin yayata. Tun da ya sakar wa 'ya'yansa harkar shinkafa ya rasa abin da zai yi da kansa, sai ya faɗa farauta shi da wasu abokansa uku. Sun ɗan jima suna bin zabi da agwagin ruwa, har abin ya ishe su, suka ce barewa suke so. Daga nan Alhaji ya ƙudura a ransa sai ya yi sansani nasa na kansa a fadamar Haɗeja: ɗakuna uku, rumfa, da rijiyar burtsatse, inda za su riƙa zuwa su yi mako guda ba mai damunsu. Ya ce wurin ba zai shiga gandun dajin gwamnati ba, kuma maganar takardu ba ruwana. Nawa aikin ɗaya ne, in duba ƙasa in ce za ta riƙe gini ko ba za ta riƙe ba.

Mun tashi bayan sallar asuba, ana tsakiyar bazara, a cikin jif ɗin Alhaji. Direbansa Ɗanjuma mutum ne da in ka ce masa sannu sai ya yi tunani kafin ya amsa. A Gumel muka karya da koko da ƙosai. Mun wuce Malam Madori kaɗan taya ta yi faci, muka duba tayar safaya muka tarar ita ma ta sace tun ba yau ba. Ɗanjuma ya gangara da tayar zuwa rumfar mai faci, aka ce ai ya tafi gona yankan alkama. A Kano da sai a leƙa rumfa ta gaba. A nan kuwa mai shayin da ke gefe ya shimfiɗa mana tabarma ya ce mu huta, zai dawo kafin azahar in Allah ya yarda. Mai facin kuwa ya dawo, da lauje a kafaɗa, ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya har da tambayar mutanen gida, sannan ya dubi tayar.

A Haɗeja mun sauka a gidan baƙi na wani abokin cinikin Alhaji. Garin ya fi yadda na zata cika, babura da adaidaita-sahu kamar a bakin wata kasuwar Kano, sai dai ko'ina ka juya ƙamshin bandar kifi ne. Abincin rana aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka, kifi a ciki ya fi miyar yawa. Mu a gida uwargida takan raba kifi ɗaya gida huɗu ta kuma sa ido a kan kan. Na ci har na ji kunyar mai masaukin. Sauron garin kuwa ba shi da lokacin aiki, da rana tsaka ma yana nan.

Washegari muka nufi Kirikasamma. Daga can kwalta ta ƙare mana, muka bi turɓaya har inda jif ta ce ita ta gama. Muka bar Ɗanjuma da mota a gindin wata tsamiya, ga alama hakan ya fi masa daɗi, mu kuma muka hau babura zuwa bakin ruwa. A nan na fara ganin kachalla, wata doguwar ciyawa da ta fi mutum tsawo, ta cinye hanyar ruwa sai ɗan siririn lungu da masunta suka sare. Mai kwale-kwalen ya ce mu zauna a tsakiya kada kowa ya motsa. Alhaji ya zauna kamar an dasa shi. Ni kuwa muna tsakiyar ruwa tef ɗin awona ya zame daga aljihu ya nufi gefe, na miƙe tsaye in cafke shi. Abin da na sani kawai shi ne na tsinci kaina a tsaye cikin laka, ruwa iya ƙugu, tef a hannu.

Mai kwale-kwalen bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce, "Malam, da ka bari ya faɗa, da shi kaɗai za mu tsamo."

To wannan ita ce faɗawa kogin da ake ta yayatawa.

Ƙauyen da muka sauka ba zan faɗi sunansa ba. Bulama, wato mai garin, ya tarye mu da lale lale har ban san adadi ba, aka ba ni zane na ɗaura aka shanya wandona a kan danga. Asalin mutanen daga wajen tafkin Chadi ne, Hausarsu tana da wani ɗan lanƙwasa, in sun juya ga junansu kuma sai Barbarci. An kawo burabusko da miyar busasshen kifi aka ajiye mana a zaure, kowa ya fice. Na ce Bulama ba zai sa hannu ba? Aka ce a nan mai gida ba ya zama a kan baƙo yana ci, kada baƙon ya ji nauyi ya tashi da yunwa. Mu a Kano in ka bar baƙo shi kaɗai da kwano sai ya ce ka wulaƙanta shi. Na ga dai tasu dabarar ta fi amfanar baƙo.

Bayan la'asar Bulama ya aika aka kira Sarkin Baka, shugaban maharban yankin, wanda zai yi mana jagora. Baba Kyari sunansa, wani tsoho siriri mai 'yar furfura a haɓa, da sanda a hannu, ba bindiga ba baka. Kafin ya iso Bulama ya ba mu labarinsa. Ya ce a fadama duk shekara in ruwa ya sauka ya janye, iyakokin gonaki sukan shafe, kunyoyin gona da alamomi duk su tafi. Sai rigima ta tashi, kowa ya ce nasa ya kai can. Wanda ake kira ya raba shi ne Baba Kyari, don ya san kowane kututture da kowane rami, kuma tun yana saurayi ya yi rantsuwa a gaban dattawa ba zai yi ƙarya a kan ƙasa ba. Inda ya dafa sandarsa nan ne iyaka, ko da a kan ɗansa ne. Bulama ya ce ranar da aka kama shi da ƙarya ɗaya, ranar garuruwa biyar za su rasa mai raba su.

Da tsohon ya zauna aka gama gaisuwa, Alhaji ya tafi kai tsaye. "Sarkin Baka, akwai barewa a dajin nan?"

"Ranka ya daɗe, da can akwai su kamar awaki."

"Yanzu fa?"

"Yanzu sun yi ƙaranci ƙwarai."

"Amma akwai?"

Ya dubi sandarsa. "Ba a rasa ba."

Alhaji ya ɗaga mini gira, shi a ganinsa an yi ciniki. Ni ma a lokacin ban ga komai a cikin amsar ba.

Da sassafe muka fita a ƙafa: ni, Alhaji, Bulama, Baba Kyari, da wasu magidanta uku da suka biyo mu don ganin ƙwaƙwaf. Tsohon ya yi da mu arewa, ta ɓangaren Birniwa. Wuri na farko fili ne shimfiɗaɗɗe, Alhaji ya fara auna ɗakuna da ido, sai ga garken shanu ya ratso ta tsakiyarmu. Ashe burtali ne. Bafulatanin da ke kiwonsu ya tsaya muka gaisa, matarsa ta ba mu kindirmo a ƙwarya, ya ce wa Alhaji in ya gina a nan to ya bar ƙofa biyu, ɗaya ta shiga ɗaya ta fita, don shanun ba su iya kwana ba.

Gaba kaɗan Bulama ya ce mun taɓa iyakar Yobe. Na duba ban ga shinge ba, ban ga allo ba, sai wani manomi yana tuge karan da ya rage a gonarsa. Ya ce rabin gonar Jigawa rabi Yobe, yakan yi shuka a wata jiha ya sha ruwa a wata. Wuri na biyu yana kusa da nan, amma mata suna ta kai da kawo da itace a ka, Bulama ya ce harsashi ba ya tambayar suna. Aka bar shi. Zuwa azahar Alhaji ya jiƙe sharkaf da gumi, ya daina ba da labarin bindigarsa.

Muka tsaya salla a gindin wata aduwa. Ruwan butar ya ƙare, na bi Baba Kyari zuwa wani ɗan tafki da ke bayan goruba don mu yi alwala. Ina tsugunne na ga sawu a cikin laka, ƙanana, masu tsini biyu, sababbi. Na ce, "Baba, awakin wa ke zuwa nan?"

Ya gama wanke ƙafarsa, sannan ya ce, "Ba awaki ba ne, ɗana."

Ya gaya mini sawun barewa ne, su bakwai ne suka rage, a iya saninsa, a duk wannan yanki. Da asuba suke saukowa su sha ruwa, su koma wani tudu da ke gabas, bayan gorubar nan. Ya ce in ruwan damina ya cika fadama, tudun nan kaɗai ke zama a bushe a tafiyar rabin yini, can suke fakewa har ruwa ya janye, can suke haihuwa. Shekara tara ke nan da ya hana maharbansa taka wurin, wanda ya ƙi ji ya karɓe masa baka. Bai ce in rufa masa asiri ba. Ya dai sa tafin ƙafa ya shafe sawun, ɗaya bayan ɗaya. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa tun safe muke ta kewaye, ba mu taɓa fuskantar gabas ba. Na ce masa, "Baba, ni ban ga komai ba." Kuma har ga Allah da gaske nake.

Bayan salla ya kai mu wuri na uku. Kurmin giyayya ne, inuwa ta haɗe, iska tana kaɗawa daga wani tafki mai faɗi, agwagin ruwa suna ta iyo. Alhaji ya zube a ƙasa ya cire hula. Bai daɗe ba ya ce, "Nan ne. Ɗakuna a nan, rumfa tana kallon ruwa."

Bulama ya ce, "Allah ya sa alheri."

Magidantan suka ce amin. Baba Kyari ya ce, "Inuwar wurin nan ba ta da na biyu." Wannan ma gaskiya ce.

Daga baya na fahimci abin da ke gudana. Babu wanda ke tsaye a wurin da bai san ruwa yana cinye kurmin nan duk damina ba, in ban da Alhaji. A nan ba a kallon babban baƙo a ce masa a'a, balle wanda ya zo ta hannun Bulama. Sun bar wa ruwa ne ya gaya masa. Zai gina da rani, damina ta farko ta kwashe, ya yi fushi ya koma bin zabinsa, ba a ɓata da kowa ba, ba a kuma yi ƙarya ba. Garin gaba ɗaya ya shirya wannan ba tare da an zauna shawara ba, abu ɗaya suka manta, shi ne Alhaji ya zo da magini.

Ni tun shigarmu kurmin idona yake kan itatuwa. A jikin kowace giyayya akwai zoben busasshiyar laka daidai ƙirjina. A cikin rassa ga tarkacen ciyawa ya maƙale, duk ya karkata gefe guda. Ƙasar baƙar laka ce ta tsattsage, irin wadda take kumbura da damina ta tsaga bango kamar an sa wuƙa. Duk wanda ya yi shekara biyu a gini ya san wannan. Kuma abin da magini ya fi tsoro a duniya shi ne a nuna kango a ce wane ne ya gina.

Alhaji ya juyo ya ce, "To Injiniya, me ka gani?" Haka yake kirana in yana son tsokana.

Da na yi shiru na minti ɗaya da na tuna tafkin alwala. Ban yi ba. Bakina ya riga kaina. Na dafa zoben lakar na ce, "Alhaji, ruwa yana kaiwa nan. In muka gina a wurin nan, kafin kaka sai dai a zo kamun kifi a falonka." Har da ɗan jin daɗi na faɗe ta, don na ga abin da shi bai gani ba.

Ba wanda ya yi dariya. Bulama ya shiga gyara rawaninsa. Alhaji ya tashi ya zo ya duba zoben, ya kankare shi da farce, sannan ya juya wajen tsohon.

"Sarkin Baka, haka ne?"

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"To a duk dajin nan ina ne ruwa ba ya kaiwa?"

Tambaya ce a kan ƙasa, a gaban Bulama, a gaban magidanta uku waɗanda kowannensu yana da gonar da sandar Baba Kyari ta raba. Na buɗe baki in ce ai ana iya yin ciko a ɗaga harsashin gini, Alhaji ya ɗaga mini hannu ya ce ba ni ya tambaya ba. Tsohon ya ɗaga sandarsa ya nuna gabas.

"Akwai tudu ɗaya, bayan goruba."

Tafiyar ba ta kai awa guda ba. Tudun jan yashi ne mai tsakuwa a ƙasa, da tsamiya da kanya, ba alamar ruwa ko ɗaya. Na karɓi fartanya na haƙa rami iya gwiwa, ina fatan in sami abin da zan kushe. Ban samu ba, ban taɓa taɓa ƙasar gini mai kyanta ba. Ina cikin ramin Alhaji ya kama kafaɗata. Can gefen tudun wasu bareyi guda biyu sun ɗago kai suna kallonmu, jajaye, da baƙin layi a haƙarƙari. Suka yi tsalle biyu suka ɓace. Alhaji ya yi ta murna kamar yaron da aka saya wa keke, ya ciro waya yana neman inda zai sami layi ya gaya wa abokansa. Shi ba mugun mutum ba ne, abin da ya zo nema ne ya samu.

Ni na ja tef, ni na kafa turaku huɗu na kusurwa. Magidantan suka riƙe mini igiya. A hanyar komowa Bulama ya yi ta hira da Alhaji a kan farashin taki da tsuntsayen da ke cin shinkafa, kamar ba abin da ya faru. Abincin da aka kawo mana ya fi na jiya kifi. Wannan ya fi damuna fiye da a ce sun ɗaure mini fuska.

Da safe muka sauko bakin ruwa za mu koma. Alhaji ya riga ya shiga kwale-kwale ya zauna a tsakiya. Ina shirin shiga na hango Baba Kyari yana tahowa ta bakin kachalla, da karnuka biyu a bayansa, da wata tsohuwar garwa rataye a kafaɗa, da gorar ruwa. Na ce wa mai kwale-kwalen ya ɗan dakata, na je na tsuguna na gaishe shi. Kunya ta hana ni kallon fuskarsa.

Na ce, "Baba, ka yafe mini. Bakina ne."

Ya ce, "Tashi, ɗana. An tambaye ka aikinka ka faɗa. Ni ma an tambaye ni nawa."

"Ina za ka da garwa?"

"Tudu. Zan kwana biyu ina buga musu ita, in sakar musu karnuka. In aka tsorata su sosai ba sa dawowa."

Na ce, "Su da ka yi shekara tara kana tsaro?"

"Su ɗin."

"Ina za su nufa?"

"Zan tura su gabas, su tsallaka Yobe."

"Akwai wani tudun a can?"

Ya gyara igiyar garwar a kafaɗarsa. "Ban san da shi ba."

"To in ruwa ya zo fa, Baba?"

Ya ce, "Wata shekarar ruwa yakan zo da sauƙi. Mutanen nan kuwa, Alhaji ya nuna mini hoton bindigoginsu a waya."

Ya kira karnukansa ya wuce. Alhaji ya ƙwala mini kira daga cikin kwale-kwale, ya ce me tsohon yake cewa? Na ce sallama muke yi.

Mun tarar da Ɗanjuma inda muka bar shi, ya ce ba abin da ya faru, muka kamo hanya. Ba mu tsaya ba sai a Haɗeja, inda Alhaji ya sayi kwandon bandar kifi na tsaraba, shi ne wanda wasunku suka ci suka ce ya yi gishiri. Muka shigo Kano kafin magariba.

Shekaranjiya Alhaji ya kira ni ya ce siminti da rodi sun haɗu, yana so a fara kafin ruwan farko ya rufe hanya, don abokansa sun matsu. Ban gaya masa maganar garwa ba, ban kuma san ko zan gaya masa ba. Na ce masa in Allah ya kai mu mako mai zuwa zan tafi da ma'aikata. Ɗakuna uku ne da rumfa, aikin wata biyu. Ginin zai daɗe, don ƙasar mai kyau ce.